3.4 Jigo da Salo a Fim Ɗin Our Friend the Atom

Wannan fim, wanda ma'anar sunansa ita ce "Abokiyarmu Ƙwayar Zarra", kamfanin Walt Disney ne ya fitar da shi a Amurka a shekarar 1957, shekara huɗu bayan jawabin da Shugaba Eisenhower ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da nukiliya don zaman lafiya. Babban jigonsa shi ne kwantar da hankalin jama'a bayan abin da ya auku a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Za a auna shi a nan da idon mai kallo irin masunci ko manomin fadamar Miga.

Ta fuskar salo, mai gabatarwa, wato masanin kimiyya Heinz Haber, ya gina bayaninsa a kan labarin masunci da ifiritu na Dare Dubu da Ɗaya. Masunci ya jefa koma ya jawo tulu, ya buɗe, ifiritu ya fito zai halaka shi, sai ya yi masa wayo ya mayar da shi ciki. Tulun shi ne ma'adinin yuraniyom, ifiritun kuwa ƙarfin da ke cikinsa. Wannan kamance ba zai yi wa mutumin bakin kogin Haɗeja nauyi ba, domin sana'ar su da labarin aljanun ruwa duk nasa ne. Haka kuma an jera tarkunan ɓera, kowane da 'yan ƙwallaye a kansa, aka jefa ƙwallo ɗaya, nan take duk suka tashi. Ko wanda bai shiga aji ba zai gane yadda fashewar zarra ɗaya ke haddasa ta sauran.

Sai dai fim ɗin yana da rauni wajen warwarar jigo. Ifiritun ya biya buƙatu uku: makamashi, abinci da lafiya, sannan zaman lafiya. Amma ba a tsaya kan dattin nukiliya mai daɗewa yana cutarwa ba, ba a kuma nuna masu haƙo ma'adinin ba, irin waɗanda daga baya suka yi aiki a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun daga 1971. Bugu da ƙari, a ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bom a Reggane cikin Sahara, abin da ya jawo fargabar cewa iskar hunturu za ta kwaso ƙurar zuwa ƙasar Hausa, har Nijeriya ta kori jakadan Faransa a 1961. Ashe ifiritun bai koma tulu ba.

Duk da haka, ba dukkan alkawarin fim ɗin ne ya tashi a banza ba. A 2004 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara aiki da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, wadda ake auna sinadaran ƙasa da ruwa da ita. Irin wannan aiki ya fi kusa da damuwar mutanen Miga, waɗanda madatsun Tiga da Challawa suka sauya musu tafiyar ruwa, kachalla kuma ta toshe magudanai.

A taƙaice, fim ɗin ya yi nasara wajen koyarwa, amma ya karkata ga talla. Malamin da zai nuna shi ga ɗalibai wajibi ne ya cike abin da aka ɓoye.