Gidigir daga Sama: Launin da Ido Bai Gani

Wanda ya kalli hoton ƙasar Gure da tauraron ɗan'adam ya ɗauko zai ɗauka zanen gwani ne: tuddan rairayi ruwan ɗorawa, tsakaninsu ɗigo-ɗigo ja wur, kowane ɗigo da fari fat a cikinsa. Ɗigo-ɗigon nan su ne kwarurrukan da mutanen garin Gidigir ke noman rake da rogo a cikinsu, ƙarƙashin dabino da goruba. Farin kuwa kanwa ce.

To me ya sa lambu ya fito ja? Amsar tana cikin yadda ake haɗa hoton. Taurarin Landsat, waɗanda Amurka ta fara harbawa a 1972, auna haske suke yi kashi-kashi, su aiko da lambobi. Landsat 8 yana shawagi kilomita 705 sama da ƙasa, yana komowa kan wuri ɗaya duk kwana 16, kuma ɗigo mafi ƙanƙanta a hotonsa fili ne mai mita 30 a kowane gefe. Cikin hasken da yake aunawa akwai wanda ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya kamawa. Ganye mai rai yana mayar da wannan haske da ƙarfi, busasshe kuwa kaɗan. Da yake ba shi da launin da muka sani, sai masana su ara masa ja. Inda ja ya yi kauri, akwai ruwa kusa da saiwa.

Haka ake yi da hotunan taurari na madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba a Disambar 2021: hasken da ido bai gani yake tattarawa, mutane su raba masa launuka bisa tsawon zangonsa. Wasu kan ce wannan ƙarya ce aka ƙawata. Ban yarda ba. Ma'auni ne na gaskiya, launin ne kawai zaɓin mutum, kuma akwai ƙa'idar da ake bi.

Damuwata a wani wuri take. Tudun da ya fi kyau a hoto, mai kaifin baki da santsi, shi ne wanda ciyawa ta bar shi, iskar hunturu ke tura shi cikin kwari. Baƙo yana ganin ado, mai lambu yana ganin yashi ya kai gindin dabinonsa. Sai an jera hoton bana da na shekaru 30 baya kafin a ga jan yana tsukewa, ko yana dawowa inda aka kafa shingayen kaba aka dasa itatuwa. Ta irin wannan kwatanci ne aka tabbatar manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa, musamman gawo, a kan hekta wajen miliyan 5.

Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga duk mai intanet, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana horar da masu karanta irinsu. Ya kamata malaman makarantun Gidigir da ma'aikatan gandun daji su buga hoton kwarurrukan garin, na da da na yanzu, su zauna da masu lambu a duba tare, domin masu lambun ne suka san sunan kowane kwari da shekarar da rijiyarsa ta fara ja baya.