Tsokaci a Kan Yadda Ake Shirya Yaro Domin Rawar Gargajiya a Makaranta: Misali Daga Samarun Kataf

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami makarantar firamare ko ƙaramar sakandare a kudancin Jihar Kaduna da za ta yi bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen shekara, ko gasar wasannin motsa jiki, ko bikin Ranar Yara ta 27 ga Mayu, ba tare da an fito da ɗalibai sun taka rawar gargajiya ba. Iyaye kan yi tafi, manyan baƙi su yi liƙi, a ɗauki hotuna, sannan a watse. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me yaron ya koya a makonnin da aka ɗauka ana shirya shi? Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan yadda ake gudanar da wannan shiri, tare da ɗaukar Samarun Kataf a matsayin misali. Manufarta ita ce ta nuna cewa shirya yaro domin rawa aikin koyarwa ne cikakke, kuma malamin Hausa na da babban rabo a cikinsa, amma manhaja da al'adar makarantu sun mayar da shi adon biki kawai.

2.0 Muhallin Yaron Samarun Kataf

Samarun Kataf gari ne a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, wadda hedikwatarta ke Zonkwa. Yana cikin ƙasar Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Katab, kuma harshensu shi ne Tyap. A garin akwai reshen koyar da fasahar aikin gona na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, wanda ke jawo ma'aikata da ɗalibai daga wurare daban-daban. Maƙwabtan Atyap sun haɗa da Bajju da Agworok na Kagoro da Asholio na Manchok da Fantswam na Kafanchan, ga kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe a yankin. Saboda haka, a aji guda ana iya samun yara masu harsunan gida uku ko huɗu, Hausa kuwa ita ce ke haɗa su a kasuwa da filin wasa, har ma da majami'a.

Yaron wannan yanki ba baƙon rawa ba ne. Yana ganin ta a bikin Ayet Atyap, wanda asalinsa biki ne na shiga lokacin noma kafin a mayar da shi watan Disamba. Yana jin labarin bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da na Tuk Ham da ake yi a Kwoi a lokacin Ista. Ya san rawar Baranzan ta Bajju, yana kuma ganin yadda 'yan Zumuntar Mata ke rausayawa da kiɗan tulu a majami'a, da yadda 'yan mata ke gaɗa da farin wata. Ke nan yaro yakan zo makaranta da tarin sani a ido da kunne da ƙafa. Abin dubawa shi ne ko makaranta na amfani da wannan jari.

3.0 Matsayin Rawa a Manhaja

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda Hukumar NERDC ta fitar a 2007 kuma ta sake wa fasali a 2012, ta tattara kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da zane a ƙarƙashin darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira. Darasin Hausa kuma, kamar yadda aka sani, ya kasu gida uku, wato harshe da adabi da al'ada, kuma a ɓangarori biyu na ƙarshe ne ake taɓo wasannin gargajiya da kaɗe-kaɗe da waƙoƙin baka. Wannan rabo ya haifar da naƙasu iri biyu.

Na farko, rawa ta faɗa tsakanin malamai biyu, kowa na zaton ɗan uwansa ne zai ɗauke ta. Malamin Hausa yakan rubuta sunayen raye-raye a allo, kamar koroso da asauwara da rawar 'yan hoto, yara su haddace domin jarrabawa. Malamin fasaha kuwa, wanda sau da yawa zane ya karanta, yakan tsaya ga abin da ya ƙware a kai. Idan biki ya gabato, sai shugaban makaranta ya miƙa aikin ga duk malamar da aka ga tana da sha'awa, ba tare da an danganta shi da wani darasi ba.

Na biyu, misalan da littattafan Hausa ke bayarwa kusan duk na Kano ne da Katsina da Sakkwato da Zazzau. Wannan ba aibu ba ne ga littafin da aka rubuta domin bayyana zaman Hausawa. Sai dai kuma yaron Samarun Kataf, wanda Hausa harshensa na biyu ce, yakan fahimci cewa da Hausa ana iya bayanin koroso, amma ba ya samun wata alama da ke nuna masa cewa da ita zai iya bayanin rawar kakanninsa. Manufar Ilimi ta Ƙasa tun daga 1977 ta amince da koyarwa cikin harshen uwa ko harshen da al'umma ta fi amfani da shi a ajin farko-farko. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida ta firamare, sannan a watan Nuwamba 2025 Ministan Ilimi na tarayya ya ba da sanarwar komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Wannan ya ƙara wa darasin Hausa nauyi, domin yana daga cikin 'yan kafofin da suka rage inda yaro zai tattauna al'adarsa da harshen da ya iya sosai.

4.0 Naƙasun da Ake Samu a Wajen Shiri

4.1 Ƙurewar lokaci. Galibi ba a fara gwaji sai biki ya rage mako guda ko biyu, alhali Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sakamakon haka shi ne a riƙa fitar da yara daga aji ana tsare su awanni a rana, malama na tsawa, wani lokaci har da bulala. Yaron da ya koyi rawa da tsoro yakan taka ta idonsa na kan malama, jikinsa a sandare.

4.2 Zaɓen waɗanda suka riga suka iya. Domin gudun jin kunya gaban baƙi, akan tsame yaran da suka ƙware tun daga gida, sauran kuma su zama 'yan kallo. Ta haka makaranta takan nuna abin da ba ita ta koyar ba, mai kunya da mai naƙasa da wanda iyayensa ba su da kuɗin anko kuwa su tashi a tutar babu.

4.3 Raba rawa da ma'anarta. Kowace rawa tana da masu ita da lokacinta da dalilinta: akwai ta noma, akwai ta farauta, akwai ta aure, akwai ta makoki. A ƙasar Atyap akwai abubuwan da suka danganci Abwoi, wanda Hausawa ke kira dodo, waɗanda a gargajiyance na mazan da aka shigar ne kaɗai. Malamin da bai bincika ba yana iya cakuɗa taku da sutura daga nan da can, ya ɓata wa dattawa rai, ya kuma tayar da hankalin iyaye, Kirista da Musulmi, waɗanda kowannensu yana da iyakar abin da zai yarda ɗansa ya yi ko ya sa.

4.4 Maye gurbin makaɗi da na'ura. Yanzu akan jona wayar hannu da lasifika a saki kiɗan da aka ɗauka. Amma kiɗa da rawa zance ne tsakanin mutum biyu: makaɗi na kallon ƙafar mai rawa, ya sassauta idan ta gaji, ya zaburar idan ta ɗauki zafi. Karin maganar da ke cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya ba shi da ma'ana ga yaron da kiɗansa bai taɓa sauyawa ba. Idan kuma an gayyato makaɗi sai ranar biki, yara kan ruɗe domin ba su saba da hannunsa ba.

4.5 Wahalar ranar biki. Akan shirya yara tun da sassafe, a bar su tsaye cikin rana ko hunturun Disamba, ba ci ba sha, ana jiran babban baƙo. Da sun shiga fili kuma sai masu liƙi su kutsa tsakaninsu, layi ya wargaje, hankalin yaro ya koma ga kuɗin da ke ƙasa. Baya ga ɓata wasa da haddasa hassada tsakanin yara, watsa takardun naira da taka su laifi ne a ƙarƙashin sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007.

5.0 Shirin Rawa a Matsayin Darasin Hausa

Maganin waɗannan matsaloli ba ya buƙatar sabon darasi a jadawali. Abin da ake buƙata shi ne a shimfiɗa shirin cikin kimanin mako takwas, malamin Hausa da na fasaha su yi shi tare, a kuma ɗora shi bisa dabarun harshe huɗu, wato saurare da magana da karatu da rubutu.

A mako biyu na farko, kowane ɗalibi zai tambayi kakarsa ko wani dattijo a unguwa game da rawa guda: sunanta, masu yin ta, lokacinta, kayan kiɗanta da suturarta. Zai yi tambayar da Tyap ko Jju ko Fulatanci, ya dawo ya ba da rahoto da Hausa a gaban aji. A nan ne za a gane rawar da ta dace da yara, a kuma aika wa iyaye takardar neman amincewa da ke bayyana abin da yaro zai yi da abin da zai sa.

Daga mako na uku zuwa na shida sai a shiga koyon taku, minti ashirin zuwa talatin, sau biyu ko uku a mako, da safe ko da la'asar, a inuwa, a ƙasar da aka share, da ruwan sha a kusa. Filin gwaji wuri ne mai albarka ga koyar da nahawu. Malami zai sami kalmomin aikatau irin su taka, juya, durƙusa, tsuguna, rausaya da karkaɗa, da sigar umurni ga namiji da mace da jam'i, da kalmomin wuri kamar gaba, baya, dama da hagu, da kuma amsa-kama irin su cak da tsam da zumbur. Kalmar da yaro ya aikata da jikinsa ba ta saurin ɓace masa. Waƙar da ke tare da rawar kuwa a bar ta cikin harshenta na asali, a yi bayanin ma'anarta da Hausa, domin karin sauti da tsawon gaɓa su ne ke riƙe da taku, fassara takan rushe su.

Mako biyu na ƙarshe na gwajin gamayya ne, da makaɗin da zai yi kiɗan ranar, da suturar da za a sa, a filin da za a yi wasan. Yana da kyau a fara gwadawa gaban wani aji, sannan gaban makaranta a taron safe, domin yaro ya saba da idon jama'a sannu a hankali. A koya masa cewa idan ya yi kuskure ya ci gaba, kada ya tsaya. Kowane yaro ya sami aiki: wani rawa, wani amshi, wani tafi ko kaɗa caki, wani kuma ya karanta wa mahalarta taƙaitaccen bayanin rawar da ajin ya rubuta. Bayan biki, sai kowa ya rubuta insha'i a kan abin da ya gani, a ba shi maki a cikin awon fahimta na zango.

6.0 Kammalawa

Zangon Kataf ta ga tashin hankali a 1992, kuma yankin ya sha fama da wasu rikice-rikicen bayan haka. A irin wannan wuri, ajin da ɗan Hausawa zai yi wa 'yan uwansa bayanin rawar Atyap, 'yar Bajju kuma ta jagoranci gaɗa, yana yin aikin da wa'azin zaman lafiya kaɗai ba zai yi ba. Don haka ana ba masu tsara manhaja shawara da su bayyana a fili cewa misalan ɓangaren al'ada na iya fitowa daga al'ummar da makaranta ke cikinta, su kuma sanya shirin rawa cikin jagoran malami a matsayin aikin haɗin gwiwa. Kwalejojin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, su koya wa ɗaliban sashen Hausa yadda ake tattara bayani daga bakin dattawa da makaɗa. Shugabannin makarantu kuma su sa wasan yara a farkon jadawalin biki, su tanadi sutura mai sauƙin kuɗi da makaranta za ta adana, su ajiye faranti guda a gefen fili domin duk mai son yin kyauta. Idan aka yi haka, ma'aunin nasarar shiri zai zama ko yaron da ya fito daga fili yana iya faɗin sunan rawar da ya taka, da masu ita, da dalilin yin ta.