Jinjina ga 'Yan Taru

Duk wanda ya karanta tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ko a littafin da Jean Boyd ta wallafa a 1989 da taimakon Waziri Junaidu, ko kuwa ya ji shi daga bakin dattawan Sakkwato, yakan tsaya yana ta'ajibin fasaharta cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ƙalilan ne ke tuna waɗanda suka raya wannan fasaha, wato 'Yan Taru. Su ne matan da kan taso daga ƙauyuka bisa jagorancin jaji, dattijuwar da Nana kan naɗa wa malfa da jan rawani, su zo su haddace waƙoƙin wa'azi da tauhidi da sira, sa'annan su koma su karantar da 'yan'uwansu mata a tsakar gida. Alƙalami nata ne, haƙiƙa, amma ba don haddar waɗannan bayin Allah ba, da ilmin ya tsaya a zaurukan malamai.

Ya kai mai ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato, in ka yi wa Nana addu'a, ka haɗa da su.