An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tarken Tsarin Amfani da Ƙasa a Tsibiran Lamu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi tarken hanyar da aka bi wajen tsara amfani da ƙasa da sa ido kan gine-gine a tsibiran Lamu, waɗanda ke gaɓar tekun Indiya a ƙasar Kenya, kusa da iyakar Somaliya. Manyan tsibiran uku ne, watau Lamu da Manda da Pate. A tsibirin Lamu akwai tsohon birni da ƙauyukan Shela da Matondoni da Kipungani. A tsibirin Pate kuwa akwai Siyu da Faza da Kizingitini da garin Pate kansa. Mazaunan wurin Suwahilawa ne da Bajunawa, kuma sana'o'insu su ne su da noma da sassaƙar jiragen ruwa da fatauci.

Magana ɗaya takardar ke son ta tabbatar. Masu tsari sun zana iyakar kariya a kewayen gidaje, alhali kuwa abubuwan da ƙauyen tsibiri yake rayuwa da su duk suna wajen wannan iyaka. Sakamakon haka, doka ta yi nauyi a kan mai gyaran bangon gidansa, ta yi sauƙi a kan mai taɓa ruwan shan gari da wurin kamun kifinsa.

2.0 Littattafan da Suka Aza Harsashi

Littattafai biyu ne suka fi tasiri a kan yadda hukuma take kallon Lamu. Na farko shi ne Lamu: A Study in Conservation, wanda masanin zanen gine-gine Usam Ghaidan ya shirya a shekarar 1976. Na biyu shi ne Planning Lamu, na Francesco Siravo da Ann Pulver, wanda hukumar gidajen tarihi ta Kenya ta buga a shekarar 1986. Dukansu sun bi birnin lungu-lungu, sun bayyana gidajensa na dutsen murjani da shafen farar ƙasa, da ƙofofinsa masu sassaƙa, da siraran hanyoyinsa waɗanda jaki ne motarsu, sa'an nan suka kawo shawarwari kan yadda za a yi gyara ba tare da an ɓata kamannin garin ba.

Yabon gwani ya zama dole. Wannan aiki ne ya share fagen shigar tsohon birnin, mai faɗin kimanin hekta 16, cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a shekarar 2001. Ba don shi ba, da bulon siminti ya riga ya cinye garin.

Amma ma'aunin waɗannan littattafai gida ne, sai titi, sai unguwa. Ba laifin marubutan ba ne, domin birni aka ce su duba, birni kuwa suka duba. Laifin yana wuyan hukumomin da suka ɗauki tsarin birni guda tamkar shi ne tsarin tsibiran gaba ɗaya, suka bar ƙauyuka da dazuzzuka da ruwa ba tare da kulawa irin wannan ba. Abin da ya kamata a tambaya tun farko shi ne: da me wannan gari yake rayuwa, kuma a ina abin yake?

3.0 Abubuwa Huɗu da Ke Wajen Iyaka

3.1 Ruwan sha. Daga Shela zuwa wajen Kipungani akwai jigawa, watau tuddan rairayi da ke bin bakin teku mai tsawon kimanin kilomita 12. Ruwan sama yakan nutse cikin rairayin ya taru a ƙarƙashi, ya zauna bisa ruwan gishiri domin ya fi shi rashin nauyi. Ƙa'idar masana ita ce, duk mita 1 na ruwan daɗi da ya ɗara tsayin fuskar teku, akwai kimanin mita 40 a ƙarƙashinta. Ma'anar wannan kuwa, idan zuƙa ta yi yawa har ruwan ya sauka kaɗan daga sama, gishiri zai taso da yawa daga ƙasa. Rijiyar da gishiri ya shiga ba ta saurin komawa daidai. Daga wannan jigawa birnin Lamu yake shan ruwa, amma duk da haka an yanka filaye a kanta an ba mutane, kuma kwamitin UNESCO ya yi ta nanata cewa a faɗaɗa yankin kariya ya haɗa da ita. Gini a kan jigawa yana rufe hanyar da ruwan sama ke bi, ramin masai kuma yana tsiyaya cikin abin da jama'a za su sha.

3.2 Dajin mikoko. Wannan shi ne sunan da Suwahilawa ke kiran itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa. Fiye da rabin irin wannan daji na ƙasar Kenya a yankin Lamu yake. A cikin saiwoyinsa kifi da ƙaguwa suke hayayyafa, shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa, daga gare shi kuma ake samun azarar rufin ɗaki. Tsawon azarar ne ma ya ƙayyade faɗin ɗakunan tsofaffin gidajen Lamu, shi ya sa suke dogaye marasa faɗi. Ke nan gidan da ake karewa ɗan wannan daji ne. Amma hukumar da ke kula da daji daban take da mai kula da gini, kuma maganinta yawanci hani ne daga sama. An hana fitar da azarar ƙasashen waje a shekarar 1982, an hana saran itatuwa baki ɗaya a 2018, sa'an nan aka sassauta wa Lamu a 2019 bayan koke-koken masu sana'ar. Hani yau, sassauci gobe, ba tsari ba ne.

3.3 Wurin kamun kifi. A watan Maris na shekarar 2012 aka aza harsashin sabuwar tashar jiragen ruwa a mashigin Manda, aka buɗe matsayar jirgi ta farko a watan Mayu na 2021. Aikin ya bukaci yashe ƙasan teku da sare mikoko a wurin da masunta suka gada kaka da kakanni. A watan Afrilu na 2018 babbar kotun Kenya ta yanke hukunci cewa ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba, ta kuma ba da umarnin a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76. An ɗauki shekaru ana jan ƙafa wajen biya. Abin lura a nan shi ne, wurin da masunci ke jefa komarsa ba ya cikin taswirar filaye, saboda haka a idon mai tsari wurin fanko ne.

3.4 Ƙasar noma. Mutanen tsibiran, musamman Bajunawa, sun saba ƙetarawa zuwa babban yanki su yi noma da damina su komo. Dokar mallakar ƙasa ta Turawan Ingila ta shekarar 1908 ta mayar da duk ƙasar gaɓa da ba a gabatar da shaidar mallakarta ba ta zama ta gwamnati, bayan samun mulkin kai a 1963 kuma haka aka ci gaba. Da haka mutane da yawa suka wayi gari ba su da takarda a gonakin kakanninsu. Da labarin tashar jiragen ruwa ya bazu, sai masu hannu da shuni suka yi rububin filayen. A shekarar 2014 shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da umarnin soke takardun mallakar kimanin eka 500,000 da aka ba kamfanoni 22 a yankin Lamu.

4.0 A Kan Wa Doka Take Hawa?

A cikin tsohon birni, mai gida ba ya sake fasalin gidansa sai da izini. Gyara da dutsen murjani da farar ƙasa yana da tsada, gidan kuma sau da yawa na magada ne masu yawa waɗanda ba su da abin gyarawa. Mafita mafi sauƙi ita ce a sayar. A Shela, inda masu kuɗi daga ƙasashen Turai suka sayi gidaje da dama, gine-ginen sun yi kyau, amma farashin fili ya fi ƙarfin ɗan ƙauyen. Waɗanda suka fita daga birni da waɗanda suka shigo neman aiki sun taru a sababbin unguwanni na bayan gari, irin su Kashmir da Kandahar, waɗanda suka tashi ba tare da wani tsari ba.

A ƙauyukan Pate matsalar akasin wannan ce, watau rashin kulawa. A shekarar 2009 gobara ta cinye ɗaruruwan gidaje a Faza, inda rufin ganyen kwakwa yake manne da juna. Tazara tsakanin gidaje, da hanyar da za a bi a kai ruwa, da wurin ajiye shi, ai su ne farkon abin da sa ido kan gini yake nufi. An auna tsayin taga a birni, an manta da faɗin lungu a ƙauye.

Ga kuma misali na uku. An yi niyyar gina tashar lantarki mai aiki da kwal, mai ƙarfin megawat 1,050, a Kwasasi da ke babban yanki, har hukumar kare muhalli ta ba da lasisi. Kotun muhalli ce ta soke shi a watan Yuni na 2019, bisa dalilin cewa binciken illar aikin bai cika ba, kuma ba a ji ta bakin jama'a sosai ba. A nan da kuma a shari'ar masunta, alƙali ne ya yi aikin da ya kamata mai tsari ya yi tun farko. Tsarin da sai an je kotu yake tuna da mutane, ya kasa.

5.0 Amsa ga Masu Wani Ra'ayi

Wani zai ce ƙasa tana bukatar tashar jiragen ruwa, matasan Lamu kuma suna bukatar aiki. Haka ne, kuma wannan takarda ba ta ce kada a gina ba. Abin da ta ce shi ne, da an fara da tantance wurin kamun kifi da gonaki da masu haƙƙi a kansu, da an san abin da za a kauce wa da wanda za a biya tun kafin a kafa tubali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani kuma zai ce an riga an gyara dokoki. Lalle tsarin mulkin 2010 ya amince da ƙasar al'umma a matsayin nau'in mallaka, ya kuma ba gundumomi ikon tsara yankunansu. An yi dokar ƙasar al'umma a 2016, da sabuwar dokar tsara amfani da ƙasa a 2019, gundumar Lamu kuma ta shirya taswirar tsarin yankinta. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa. Sai dai launi a kan taswira ba ya soke takardar mallakar da wani ya riga ya riƙe, kuma haƙƙin al'umma ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an auna ƙasar an yi mata rajista da sunan mutanenta.

6.0 Kammalawa

Darussa uku muke iya ɗauka. Na farko, iyakar tsarin ƙauyen tsibiri ta bi ruwan shansa da dajinsa da tekunsa da gonakinsa, kada ta tsaya a bangon gida na ƙarshe. Na biyu, a tabbatar da haƙƙin mallaka kafin a sanar da babban aiki, domin sanarwa ita ke kiran 'yan rububi. Na uku, tsananin sa ido ya yi daidai da girman ɓarnar da aiki zai iya yi, ba da raunin mai yin sa ba.

Ko da yake ba mu da teku, wannan darasi bai yi mana nisa ba. Duk wanda ya ga yadda aka cike kududdufan birnin Kano aka yi gini a kansu, ya kuma ga inda ruwan damina yake kwana yanzu, ya san abin da ke faruwa idan aka ɗauki wurin da ba gini a matsayin wurin da ba amfani. Da wannan nake miƙa takardar ga mahalarta domin gyara da ƙarin haske.