Idon da ya san rawaya

A cikin hunturu, bayan wuta ta cinye ciyawar bakin Dajin Rugu, ƙasa kan koma baƙa ƙirin. Ana nan sai ka ga wani fure ruwan ɗorawa ya ɓullo daga cikin toka, ba ganye ba reshe, kamar ajiye shi aka yi. Mai wucewa zai ce fure ne kawai. Tsofaffin matan ƙauyukan Batsari da Safana kuwa, da suka tashi suna shiga dajin neman itace da ganyen miya, za su ce maka rawaya ce, kuma ba da ka suke faɗa ba.

Tsohuwa takan fara da tsugunnawa. Ta dubi zaman furen: dab da ƙasa yake, bai fi taƙi ba. Ta ƙirga kunnuwansa, wato fallayen da suka buɗe, biyar cif. Ta leƙa tsakiya, ta ga cincirindon siraran zare masu ɗauke da garin fure. Duk da haka ba ta yanke hukunci ba. Sai ta ɗauko dagi, ƙarfen nan na haƙa rami, ta tona ta gefe don kada ta raunata uwar saiwar. Ta ɓantari ɗan guntu, ta karce shi da farce. In cikin ya fito ruwan ɗorawa har ya rina mata yatsa, magana ta ƙare. Da wannan saiwa ake rini, masu magani na jiƙa ta don ciwon shawara, kuma sunanta ne ya zama sunan launin a bakin Bahaushe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne damina. Lokacin fure ya tafi, sai ganye mai rabe-rabe kamar yatsun hannu, a cikin ciyawa dubu, amma tsohuwa tana nuna maka rawaya tun daga nesa. Ba ta kuma rikita ta da 'yar'uwarta mai tsayi, wadda ke fure da ganyenta a jiki, bayan ganyen fari-fari. Wanda ya wuni a inuwa yana hira bai taɓa ganin tsiro ɗaya rani da damina ba, balle ya haɗa furen da ganyen.

Yanzu rashin tsaro ya sa shiga Rugu ta yi wuya, jikokinta ba sa bin ta daji. A gefen gona take nuna musu. In ta gama, sai ta mayar da ƙasa kan saiwar, ta danne da diddige.