A garin dukawa muke, amma leda muke takawa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, na tsaya a bakin ƙofar masallaci ina jiran cunkoso ya ragu, sai idona ya faɗa kan wani takalmi sau-ciki da ke kusa da nawa. Baƙi ne, an maƙala masa wani ƙarfe mai ruwan zinare a goshi. Amma duk inda yatsu ke lanƙwasawa ya ɓare kamar maciji ya yi saɓa, farin ƙyallen da ke ƙasa ya leƙo. Can sai ga mai shi ya fito: shadda gezna tana ɗaukar ido, aikin wuya na hannu, hula zanna ta sha kari, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Ya zura ƙafa, ya take dunduniyar takalmin, ya ja shi ƙiii ya yi gaba. Wallahi har yau abin yana cina.

Haba Alhaji! Ka yi sati kana zarya wurin tela, ka yi ciniki da mai hula har murya ta dushe, amma da aka zo kan abin da zai ɗauke ka wuni guda sai ka ce a ba ka duk wanda ya fi sheƙi?

Abin da yake ƙona min rai shi ne, wannan abu ba fata ba ne. Roba ce aka shimfiɗa a kan ƙyalle, aka buga mata zanen fata, aka manna da gam. Mu kuma mun ɗauka da hannu bibbiyu. Yanzu yayin da ake yi ke nan: takalmin Sallah ɗaya. A saya ana jajibere, a ɗauki hoto da shi ranar Idi, kafin Babbar Sallah ya fara zubar da fata, a jefar a sayi wani. Ka kai wa mai gyara ma juya shi zai yi a hannu ya miƙo maka, don babu inda allura za ta kama. Araha dai ba ta ado.

Kuma a ina ake wannan? A ƙasar da duniya ta san ta da kirgi. Fatar jan akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun Larabawa suna kiranta fatar Maroko. Baturen matafiyi Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake fitar da takalman Kano zuwa nesa, da yadda jemammiyar fata ke kaiwa har Tarabulus. Har gobe a Kano akwai unguwar Dukawa, akwai majema a Ƙofar Wambai suna jima da bagaruwa kamar yadda suka gada, akwai cibiyar nazarin fata a Zariya. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suna tura fata Italiya da Sifaniya. A can a ɗinka ta, a sa mata suna, a saya da daraja. Mu masu akuyar kuma mu tsaya muna yaba ƙarfen da aka liƙa wa leda. Wannan ai abin kunya ne.

Gane fata ba wani ilimi ne mai zurfi ba. Ka shinshina: fata tana da ƙamshinta, leda warin roba da gam take yi. Ka danna da babban yatsa, fata za ta yi 'yan ƙananan tamoji ta koma yadda take. Ka duba bakin yanka ta ciki, in ka ga zare-zaren ƙyalle to ajiye masa kayansa. Sannan ka kifa takalmin ka duba ƙasansa, ɗinki ne ko manni? Nan ne maganar take. Masu ɗinkin takalmi na Northampton a Ingila, irin su Church's da aka kafa a 1873 da Crockett & Jones na 1879, sun yi suna ne da ɗinkin da ake kira Goodyear: a ɗinke saman takalmin da wani siririn tsirin fata da ya kewaye shi, sannan a ɗinke ƙasan a jikin tsirin. In ƙasan ya cinye a farke a sa sabo, saman yana nan ya saba da ƙafarka. Ba cewa na yi kowa ya sayi na Ingila ba. Cewa nake yi ka nemi wanda aka ɗinka, ko baduku na bayan layinku ne ya yi shi. Kuma da yamma ake gwajin takalmi, lokacin da ƙafa ta wuni ta ɗan kumbura.

Na sani, za a ce kuɗi ya yi wuya. Gaskiya ne. Kuma na yarda wasu masu ɗinkin namu suna ba da haushi: ƙafar dama ta fi ta hagu, a ce ka dawo Alhamis ka yi Alhamis uku. Amma lissafa ledar da ka saya cikin shekara uku ka gani.

To, ku kuma masu takalmin fata na gaske, kada ku yi murmushi, da ku ma nake. Me dunduniyar takalmi ta yi muku? Eh, sau biyar muke tuɓewa a wuni, kuma kowa yana sauri ya sami sahu. Amma wannan taurin da ke bayan takalmi shi ne ke riƙe siffarsa, ranar da ka take shi ya karye, ya karye ke nan. In sunkuyawa ce ba ka so, sayi buɗaɗɗen baya tun farko, ga su nan dukawa suna yi masu kyau. Sai kuma zura jiƙaƙƙiyar ƙafa daga alwala kai tsaye. Danshin nan shi ke kawo wari, shi ke ruɓar da ɗinki. Ɗan ƙyalle a aljihu ya isa.

Hunturu kuwa abin da yake yi wa leɓe da dunduniya shi yake yi wa takalmi. Fata ce, tana jin ƙishi. Yaron nan mai ƙwanƙwasa akwati yana wucewa ta ƙofar shagonka kullum, ka ce ya kakkaɓe ƙurar tas kafin ya shafa mai, domin mai a kan ƙura taɓo ne ake dasawa cikin fata. In ruwan damina ya dake shi kada ka shanya a rana, zai bushe ya ƙage ya tsage. Cusa masa takarda ka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada kuma ka kulle shi a leda, fumfuna za ta cinye shi. In kana da biyu, yau wannan gobe wancan, kowanne ya sami kwana guda ya sha iska.

Takalmin da nake sawa ranar Juma'a sau biyu ana canza masa ƙasa, kuma duk shekara launinsa ƙara zurfi yake. Wani dattijon baduku ne ya auna ƙafata a kan kwali da biro ya ɗinka shi. Don Allah, kafin ku shiga kasuwa sayayyar Sallar bana, ku fara biyawa ta wurin irin waɗannan dattawa ku ga abin da hannunsu ke yi.