Jirgin Ƙasa a Kan Tebur, da Sirrin Tsakuwarsa

Dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1,067 ce. Ita ce kuma tazarar yawancin layukan ƙasar Jafan, tun daga na farkonsu da aka buɗe tsakanin Tokyo da Yokohama a 1872. Dalilin a fili yake: injiniyoyin Ingila ne suka shimfiɗa namu, su ne kuma suka ja ragamar aikin farko a can. Daga nan hanya ta rabu. Namu an daɗe ba a ji kukan jirgi a kansa kamar da ba, ciyawa ta cinye wurare da dama. Su kuwa jirgi ya shiga jininsu, har ta kai ɗimbin mutane, yara da dattawa, na zama a ɗaki suna gina ƙaramin layin dogo a kan katako, da tasha da gada da gonakin shinkafa, jirgi na zagayawa da wutar lantarki.

Wanda bai gani ba sai ya ce wasan yara ne. Aiki ne na awo. Mafi yawan masu wannan sana'a a Jafan suna bin ma'aunin da ake kira N, inda ake raba kowane tsawo gida 150 a ɗauki ɗaya. Mutum mai tsawon mita 1.7 sai ya koma milimita 11. Kukar da ta kai mita 15 ta koma santimita 10. Kamfanin Kato ne ya fara fitar da jiragen wannan ma'auni a Jafan a 1965, Tomix ya biyo baya a 1976, kuma abin ya karɓu ne domin gidajen biranen Jafan ƙanana ne: a kan katako mai santimita 90 da 60 mutum zai iya kafa gari guda, ya tura shi ƙarƙashin gado in ya gama. A Yokohama akwai gidan tarihi sukutum na ƙananan jirage, wanda aka buɗe a 2012 da tarin kayan Nobutaro Hara, ga kuma gasar da ɗaliban sakandare ke yi a Tokyo, kowace makaranta da nata ginin.

Jirgin kansa saye ake yi. Dogon ma saye ake yi, har akwai wanda ke zuwa da tsakuwar roba a manne a jikinsa, irin wanda Kato ke sayarwa da sunan Unitrack, don mai gaggawa. Inda ake gane gwani shi ne abin da ke ƙarƙashin jirgin, wanda ido ba ya tsayawa a kansa sai in an ɓata shi.

Duk wanda ya taɓa tsallaka dogo a Gusau ya taka wannan tsakuwa. Ba ado ba ce. Ita ke riƙe gicciyayyun ƙarafa ko katakan da dogo ke kwance a kansu kada su gusa, ita ke rarraba nauyin tarago zuwa ƙasa, ita ke barin ruwan damina ya tsiyaye maimakon ya kwanta ya jiƙa gindin layi. Shi ya sa ba a zuba tsakuwar rafi mai santsi. Dutse ake fasawa, mai kaifi da kusurwa, don kowane ya cije ɗan'uwansa. Girmansa kuwa kusan santimita 3 zuwa 6.

To, raba santimita 5 gida 150. Abin da ya rage kashi ɗaya cikin uku ne na milimita, wato ƙwayar yashi mai laushi. A nan sabon shiga yake faɗuwa. Idonsa na gaya masa cewa tsakuwa aba ce da ake gani ɗaya-ɗaya, sai ya zaɓi mai girman milimita ɗaya ko biyu, ya manta cewa a wannan ma'auni ƙwayar milimita biyu dutse ne mai santimita 30, wanda ba a taɓa zuba shi a gindin dogo ba. Nan da nan jirgin da aka saya da tsada sai ya koma abin wasa. Gwanaye sukan ɗan ƙara girman kaɗan don ƙwayar ta fito a ido, amma kaɗan ɗin nan shi ne ilimin.

Launi ya fi girma wuya. Sabuwar tsakuwa toka-toka ce. Wadda ta shekara da shekaru kuwa tsatsar dogo da ƙurar birki sun rina ta ruwan ƙasa, musamman daf da tasha inda jirgi ke taka birki. Inda kan jirgi ke tsayawa, tsakiyar layin baƙi ne da mai. Layin gefe, inda ake ajiye taragai, ƙasa ta riga ta cike tsakanin duwatsun, ciyawa ta tsiro, gefensa ya baje. Babban layi kuwa kafaɗarsa a tsaye take, a gyare. Masanin wannan sana'a yakan haɗa launi biyu ko uku a kofi kafin ya zuba, ya kuma bi da fenti mai ruwa-ruwa bayan ta bushe, ta yadda mai kallo zai san layin da jirgi ke bi kullum da wanda aka manta da shi ba tare da kowa ya gaya masa ba. Ni a ganina wannan ya fi ƙera tasha mai hawa uku burgewa.

Zubin kansa abin kallo ne. Da ƙaramin cokali ake ɗibar ƙwayar a busasshe, a zuba tsakanin ƙarafan, sannan a bi da buroshi mai laushi ana share ta har ta kwanta daidai da saman gicciyayyun, ba ta rufe su ba. Sai a ɗan ƙwanƙwasa dogon da bayan cokali; ƙwayoyin da suka hau inda bai kamata ba sai su yi tsalle su faɗa rami. Idan aka ɗiga gam a kan wannan busasshen yashi, ɗigon ba ya shiga, dunƙulewa yake yi ya mirgina ya kwashe aikin awa guda. Don haka ake fara jiƙa shi da feshin ruwa wanda aka sa wa ɗigon sabulun wanke kwanuka, a fesa sama ya sauko a hankali. Sannan a kawo farin gam irin na kafintoci, a tsinka shi da ruwa kamar kashi uku, a riƙa ɗigawa da sirinji daga gefe yana tsotsuwa ciki. A wannan lokaci komai fari fat yake, mutum sai ya ɗauka ya ɓata. Sai a bar shi kwana guda kada a taɓa. In ya bushe gam ɗin ya ɓace, ƙwayoyin na nan kamar a sake suke, amma ko an kifar da katakon ba wadda za ta faɗo.

Wurare biyu ake kaffa-kaffa da su. Mararrabar da jirgi ke sauya layi tana da harshe mai motsi, ƙwaya ɗaya ko ɗigon gam ya isa ya kafe shi. Saman dogon kuma ta nan wuta ke shiga injin, wajen bolt 12, saboda haka dole a goge shi tas, a kuma bi cikin ƙarfen da tsinke a cire duk ƙwayar da za ta tokare ƙafar jirgi.

Yanzu a dawo gida. Mutumin Tokyo a shago yake sayen tsakuwarsa cikin leda, wata dutse ce da aka niƙa, wata ma ɓawon ’ya’yan itace ce, mai son tasowa saman ruwa in aka zo sa gam. Mutumin Zamfara kuwa a kan abin yake tafiya. Ƙasar Tsafe da Kwatarkwashi ƙasar duwatsu ce, kuma garin dutsen da ke zuba a wurin masu fasa tsakuwar gini shi ne daidai abin da ake nema, don yana da kaifin da yashin gulbi ba shi da shi. Aikin tankaɗe ne, kamar na garin tuwo: a wuce da shi ta rariya a zubar da tsakin, a sake bi da mataci mafi laushi a fitar da ƙura, abin da ya tsaya tsakani shi ne kaya. A wanke shi har ruwan ya fito garau, a shanya. Kafin a zuba, a bi kansa da maganaɗisun tsohuwar lasifika, domin garin dutse kan ƙunshi ɓurɓushin ƙarfe, shi kuma injin ɗan jirgin da maganaɗisu a cikinsa, zai janyo su ya ci kansa. Yashin gulbin da ya ratsa Gusau da Bunguɗu ba a yar da shi ba, yana da wurinsa a layin gefe da filin tasha, a haɗa shi da jar ƙasa.

Hannun ma akwai shi. Yaron da ke feƙe karan dawa, ya yanka totuwa daidai-wa-daida, ya soke ta da ɓawon karan ya fitar da motar ɗaukar kaya har da madubi da tsani, ko wanda ke lanƙwasa waya da gwangwanin madara ya yi mota mai sitiyari, ya riga ya san babban abu: kallon abu na gaske har a gane abin da za a bari da abin da za a ɗauka. Ma'auni kawai ba ya bi, don ba wanda ya taɓa ce masa ya bi. Kukarsa da motarsa na iya zuwa tsawo ɗaya bai damu ba. Ranar da aka ba shi rula aka ce komai a raba shi 150, ya shiga wata sana'a dabam, wadda masu zanen gine-gine ke biyan kuɗi a kanta.

A ce wani zai gina yankin layin tsakanin Tsafe da Gusau. Kilomita ɗaya a wannan ma'auni ta haura mita shida da rabi, saboda haka dole a matse, a zaɓi abu uku ko huɗu da ke sa ɗan ƙasar ya ce nan ne. Dutsen Kwatarkwashi ba zai shiga ɗaki ba, tunda ko tudu mai mita 150 sai ya ci mita guda. A allon baya ake zana irinsa, launin a kashe shi kaɗan don ya yi nisa. A tashar Gusau a sa taragan auduga da buhunan gyaɗa, kayan da suka sa aka kawo dogon tun farko. Sannan a tsai da lokaci guda, yadda Jafanawa ke zaɓar ko kwanakin furanni ko na dusar ƙanƙara. In rani ne, kuka ba ganye, gawo kuwa kore shar, tsakuwar ta sha ƙurar hunturu. In damina ce, a juya: kuka ta yi lif, gawo ya kaɗe, gindin layin ya yi duhu da laima. Wanda ya sa wa su biyun ganye lokaci ɗaya, manomin farko da ya leƙo zai kama shi.

Jiragen da dogonsu daga waje ake kawo su, kuma ba su da araha. Amma ba dole sai jirgi ya motsa ba. A Jafan ma da yawa na gina ɗan yanki mai faɗin tafin hannu biyu, dogo santimita 30, tarago ɗaya a tsaye. Waya madaidaiciya ta isa ƙarfen dogo, yankan kwali ya isa gicciyayyun. In an gama, a kwantar da wayar hannu a kan katakon, kyamararta daidai idon ɗan mutumin nan mai milimita 11, a ɗauki hoto a buɗe shi. Abin da ido ya yafe, hoto ba ya yafewa. Idan tsakuwar ta fito kamar duwatsun harsashin gini, a jiƙa ta da ruwan ɗumi, farin gam zai saki, a kankare a koma kan mataci.